Yadda Sha'aban Birkila Ya Koma Kwana-kwana

Idan ka shiga cikin garin Daura ka ce kana neman Malam Sha'aban birkila, sai an yi ta kallon-kallo kafin a sami dattijon da zai tuna. Amma ka ce Kwana-kwana, ko mai tallar goro za ta nuna maka rumfar da yake zaune yana sayar da ƙusa da siminti na awo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka laƙaba masa sunan, kuma bai taɓa amsa shi ba ko sau ɗaya.

Mahaifinsa maginin ƙasa ne, irin na tubali da azara. Sha'aban ya tashi yana taka masa ƙasa yana miƙa masa tubali, har lokacin da mutane suka koma wa bulo. Tsohon ya ce shi ba zai koyi sabuwar sana'a da furfura ba, ɗan kuwa ya je ya koya. Kafin ya cika shekara talatin an san shi daga Daura har Sandamu da Mai'adua. Ba shi da sauri, kuma ba shi da daɗin sha'ani a bakin aiki, domin idan layi ɗaya ya karkace sai ya sa a sauke shi ko da mai gida yana tsaye yana cewa a bar shi haka. Abin da ya fi yin suna a kansa shi ne fitar da kwanar gini. Yakan ja igiya, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya ɗaga bulo ya mayar sau uku, sannan ya ce wa leburori su ci gaba. Cikin waɗanda suka koyi aiki a hannunsa akwai Ma'aruf, wanda ya zo masa yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya zauna da shi har ya yi aure ya hayayyafa.

Yana da shekara arba'in da shida ya taka tsohon rodi a wani gini da suke yi a Sandamu. Ya ɗaure wurin da tsumma ya ƙarasa aikin ranar. Bayan kwana huɗu ƙafar ta kumbura ta fara ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Matarsa Hussaina ta so a tafi asibiti, shi kuwa ya ce ginin mutane na jiransa, ba zai je ya wuni a kan layi ba. Aka kira wani mai kemis da ke kusa da su. Mutumin ya duba ƙafar ya ce allura ce maganinta, safe da yamma. Ya yi masa ta mako biyu, da ya ga da saura ya ƙara mako guda.

Ƙafa ta warke sarai. Amma ranar da Sha'aban ya fara fita, yana taka ƙofar gida sai ya ga unguwar tana rawa. Katanga tana tsalle, mutane suna tsalle, har rubutun jikin shago ya ƙi tsayawa a karanta. Da ya tsaya cak sai komai ya tsaya. Da ya sake ɗaga ƙafa sai abin ya dawo. Ya nufi masallaci, tafiyar da ba ta kai taku ɗari ba, sai ga shi ya dafa katangar dama, can kuma ga shi a ta hagu. Ya ce a ransa jinya ce ba ta gama sakinsa ba. Hussaina ta dama masa kunu ta ce rashin jini ne, ta shiga dafa masa zogale da hanta. Wata guda ya wuce, ya yi ƙiba ma, tafiyar ba ta miƙe ba. Idan yana zaune garau yake, hankalinsa da maganarsa ba abin da ya taɓa su, sai wata 'yar ƙara a kunne kamar ta gyare.

Wanda ya raɗa masa sunan ba maƙiyinsa ba ne. Ikrima ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, abokin wasansa tun suna yara, direban da ke jigila tsakanin Daura da Kongolam. Wata safiya Ikrima yana zaune wurin mai shayi a bakin tasha tare da 'yan'uwansa direbobi, sai ga Sha'aban ya ɓullo, yana zuwa bakin kwalta yana komawa bakin kwata. Ikrima ya ajiye kofi ya ɗaga murya.

"Ku ba shi hanya, ga Kwana-kwana nan tafe, ba birki."

Aka kwashe da dariya. Sha'aban ma ya yi murmushi, domin tsakaninsa da Ikrima ba a fushi, ya rama da cewa gara shi, bai taɓa jefa fasinja a rami ba. Ya sha shayinsa ya tafi. Bai san ya bar wurin da sabon suna ba.

Kalmar dama ta bakin direbobi ce. Ba kwanan barci ba ne, kwanar hanya ce, wadda ta shigo Hausa daga Turanci tare da mota da kwalta, magina ma suka ara suna kiran kusurwar gini da ita. Idan hanya ta cika lanƙwasa, ta yi nan ta yi can, sai a ce kwana-kwana gare ta. Haka ake faɗa wa ɗan acaɓan da ke kutsawa tsakanin motoci, da wanda ke bin ta daji don kauce wa shinge. Masu kashe gobara ma da sunan aka san su. Sai dai kalmar ba ta tsaya a kan ƙafa da taya ba, ta hau kan hali. Mutumin da ba ya magana ɗaya, wanda za ka tambaye shi gabas ya amsa maka yamma, shi ma kwana-kwana ake cewa yana yi. Tsofaffin Daura suna da tasu kalmar ta irin wannan tafiya, wandar-wandar, kuma Sha'aban yakan ce da ita aka sa masa da bai damu ba, don ita a ƙafa take tsayawa.

Daga tasha sunan ya shiga kasuwa, daga kasuwa ya dawo unguwa. Wanda ya san asalinsa yana faɗa yana dariya. Wanda bai sani ba kuwa, idan ya ji an ce Sha'aban Kwana-kwana, sai ya ɗauka wani hali ne aka san shi da shi. Wani mutumin Mashi da aka yi wa kwatancensa don ya gina masa gida, da jin sunan ya ce a nemo masa wani, shi ba ya son rigima.

Sai kuma wata maganar ta biyo baya. Lokacin ana yawan kama matasa da kwalaben maganin tari da ƙwayoyi, kowa idonsa na kan mai tangaɗi. Sha'aban yana tafe ba ya iya gane fuska sai ya tsaya, don haka ya sha wuce surukai da manyan unguwa ba gaisuwa. A masallaci idan aka tayar da salla ya sunkuyar da kai, sai ya yi luu ya jingina da na kusa da shi. Wata Juma'a ya ɗago daga ruku'u ya tafi da baya, ya faɗa kan sahun da ke bayansa. Bayan an sallame wani dattijo da suka yi shekara ashirin suna salla tare ya matso kamar zai yi masa sannu, ya kawo hancinsa kusa da bakinsa ya shinshina. Sha'aban ya gane abin da aka yi masa. Ya koma gida, abincin rana ma bai taɓa ba.

Aiki kuwa ya ci gaba da zuwa, yana ɓoye abin da zai iya ɓoyewa. A ƙasa ba shi da matsala, yana tsugune yana jera bulo kamar da. Ranar da gini ya kai linta a wani aikin Alhaji Zulkifilu, ɗan kwangilar da ya fi ba shi aiki, dole ya hau katako. Ya hau, ya miƙe tsaye, sai ya rasa inda ƙasa take. Ya durƙusa ya rungume katakon da hannu biyu, cokalinsa na gini ya faɗo, leburori suna kallo. Ma'aruf ne ya hau ya sauko da shi a hankali. Da yamma Alhaji ya kira shi gefe ya ce ya je ya huta, ya kuma ji tsoron Allah ya dubi girmansa da iyalinsa. Sha'aban ya tambaye shi me yake nufi. Alhaji ya ce shi dai ya faɗa masa gaskiya a matsayin ɗan'uwa. Washegari Ma'aruf ne ke jan igiya a wurin.

Hussaina ce ta matsa har suka tafi asibiti a Katsina. Likitan ya sa shi ya tsaya ya rufe ido, nan take ya tafi zai faɗi. Ya tambayi irin allurar da aka yi masa, Hussaina ta fito da kwalba guda da ta adana a cikin kwalla. Likitan ya juya ta ya girgiza kai. Ya ce a can cikin kunne akwai abin da ke riƙe wa mutum daidaito, wannan allura idan ta yi yawa tana kashe shi, kuma idan ya mutu ba ya dawowa. Ya ce ya riƙa riƙe sanda, ya daina hawa sama, ya guji tafiya a duhu. Sha'aban ya roƙe shi ya rubuta masa a takarda cewa ciwo ne ba shaye-shaye ba. Likitan ya ɗan dube shi, sannan ya rubuta ya buga hatimi.

Da suka dawo ya je wurin mai kemis. Mutumin ya ce shi bai tuna ya yi masa allurar mako uku ba, ya kuma ce ai shi Sha'aban ne ya ce a ƙara, daga baya ya ce wa ya sani ko ya sha wani abu a wani wuri. Bayan 'yan watanni ya kwashe kayansa ya bar garin.

Takardar likita ta zauna a aljihun Sha'aban cikin leda. Yakan fito da ita a majalisa, a wurin ɗaurin aure, har a bakin masallaci. Da Turanci aka rubuta ta, kuma rubutun likita ne, ko 'yan boko sai su juya ta su miƙo masa su ce Allah Ya sawwaƙe. Wasu sun yarda. Wasu suka ce ai takarda ko wa ya je ana ba shi. Sandar kuwa sai da ya shekara biyu yana ƙin ta, yana cewa shi ba tsoho ba ne ba makaho ba, sai da ya faɗa kwata ya fasa haɓa sannan ya karɓa.

Ya taɓa tare Ikrima a kan maganar, su biyu kawai, ya ce masa wasan nan fa ya zame masa ciwo na biyu. Ikrima ya yi dariya, da ya ga ba dariya a fuskar ɗan'uwansa sai ya daina. Ya rantse shi ya ma manta shi ya fara faɗa, kuma daga ranar bai sake kiransa da sunan ba. Amma Ikrima mutum ɗaya ne a cikin gari.

A shekara ta biyar da fara ciwon ne Zulfa ta yi sallama a gidansa. Matar marigayi Malam Nu'uman tela ce, tana zaune da 'ya'yanta mata uku a gidan da ya bar musu. Alhaji Zulkifilu ya sayi gidan da ke jikin nasu zai rushe ya yi shaguna, ya kuma ce ɗakin girkinta da rijiyarta a cikin filinsa suke. Ba ta da takarda. Waɗanda suka yi iyakar, mijinta da tsohon maƙwabcinsa, duk sun rasu. Amma ta tuna wanda ya sa harsashin katangar da ke tsakani shekara ashirin da suka wuce, kafin ruwan wata damina ya kayar da ita a maye gurbinta da zana.

"Malam Sha'aban, kai kaɗai ka rage da ka san inda iyakar take," in ji ta daga bayan labule. "Idan ka ce ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba."

Hussaina ta so ya ba ta haƙuri. Ta ce Alhaji ba abokin ja ba ne, kuma mutane ba su da kunyar baki. Sha'aban ya ce abin da ya gina da hannunsa ba zai ce bai sani ba.

Aka sa zama a zauren mai unguwa da hantsi. Sha'aban ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Da ya isa ƙofar zauren sai ya jingine sandar a waje, don ba ya son ya shiga gaban dattawa kamar mai neman taimako. Zauren da duhu-duhu, an shimfiɗa tabarmi a kan ƙasa mai gargada. Taku shida ne tsakaninsa da inda aka nuna masa ya zauna. Ya yi dama har ya taka gefen rigar wani, ya yi hagu ya dafa ginshiƙi, sannan ya zube a wurinsa. Wani daga baya ya yi tari don ya danne dariya.

Da ya zauna kuwa maganarsa ba gargada. Ya faɗi shekarar, ya faɗi waɗanda suka tsaya a kan aikin, ya ce daga bakin rijiya zuwa iyaka ƙafa huɗu ne ta yamma. Ya ce ba sai an yarda da shi ba, a ɗauko diga a haƙa wurin kamu ɗaya, za a tarar da bulo layi uku, na inci tara, da kansa ya jera su.

Alhaji Zulkifilu bai musa masa ko kalma ɗaya ba. Ya gyara zama ya dubi mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, kowa ya ga yadda ya shigo. Ni ba zan ce komai a kan abin da ke sa shi haka ba, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma mutumin da duk garin nan ba a san shi da wani suna ba sai Kwana-kwana, da bakinsa za a raba ni da filina?"

Sha'aban ya laluba aljihu ya fito da ledar. Takardar ta tsufa ta rabu a kan lanƙwasa. Aka karɓa aka miƙa wa na kusa, shi ma ya miƙa gaba, ta zagayo ta dawo masa. Ya ce to a tambayi Ma'aruf, shi ya kwaɓa simintin ranar. Ma'aruf yana zaune bayan Alhaji, kansa a ƙasa. Ya ce shi lokacin yaro ne, gine-ginen da suka yi da yawa, ba zai iya rantsuwa a kan wannan ba.

Ba wanda ya ce Sha'aban ƙarya yake. Ba kuma wanda ya aika a ɗauko diga. Dattawa suka ce tun da shaida ɗaya ce, kuma akwai magana a kanta, gara a yi sulhu irin na maƙwabta. Sulhun shi ne Zulfa ta riƙe ɗakin girki, rijiya ta tafi wajen Alhaji. Aka shafa fatiha. Sha'aban ya jira kowa ya fita kafin ya tashi, don kada a sake kallon tafiyarsa.

Bayan mako uku, yana zaune ƙofar gida da la'asar, sai ga Ma'aruf da ƙurar siminti a gira. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya tsinci tsakuwa yana juyawa.

"Maigida, yau mun haƙa wurin. Mun same shi. Layi uku, na inci tara."

"Sai kuka yi yaya?"

"Alhaji ya ce a fasa. Mun fasa."

Sha'aban ya ce masa ya tashi su je ya maimaita wannan magana a gaban mai unguwa. Ma'aruf ya ce yana da 'ya'ya bakwai, kuma duk aikin da ke hannunsa na Alhaji ne. Ya ce shi dai ya kasa barin abin a cikinsa, shi ya sa ya zo. Sha'aban ya tambaye shi ko bulon ya yi wuyar fasawa. Ma'aruf ya ce sai da suka canza diga. Sha'aban ya gyaɗa kai ya ce ya tashi ya tafi, magariba ta kusa.

Ya je wa mai unguwa da maganar shi kaɗai washegari. Aka saurare shi, aka ce an riga an shafa fatiha, kuma tono abin da aka binne ba ya kawo zaman lafiya. Kafin wata ya ƙare an zuba kankare a wurin.

Daga nan bai sake fita neman aikin gini ba, ko na ƙasa da yake iyawa. Ya ba da igiyarsa da cokulansa ga wani maƙwabci. Babbar 'yarsa Mardiyya, wadda ke koyarwa a wata firamare, ita ta kafa masa rumfar da yake zaune yanzu, ta zuba masa ƙusa da ƙyauren taga da buhun siminti biyu. Ya daina zuwa majalisa. Salla yana yin ta a ƙarshen sahu, jikin bango, a zaune. Magina suna zuwa sayen ƙusa, wasu su tambaye shi shawara a kan gini, ya ba su a taƙaice. Idan baƙo ya zo ya ce nan ne wurin Kwana-kwana, sai ya ci gaba da abin da yake yi har mutumin ya gaji ya yi sallama kawai.

Zulfa ta yi shekara biyu tana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ga hayaniyar shaguna a jikin ɗakinta. Daga bisani ta sayar da gidan ta koma Mashi wurin yayanta. Ranar da za ta tashi ta tsaya a rumfarsa sayen ƙusar da za a rufe akwatunan kaya. Ta gaishe shi da sunansa, ta tambayi jiki, ta ce ta gode da abin da ya yi mata. Ya ce bai yi mata komai ba, da wani ta samu mai tafiya daidai da yanzu tana shan ruwan rijiyarta. Ta ce ba haka ba ne. Ya auna mata ƙusar ya ƙulle a takarda, ya ce ta gaida mutanen Mashi. Motar kayan tana jiranta a bakin hanya, direban yana ta danna oda, ta ja mayafinta ta tafi.